Yadda Ake Haɗa Keken Hawan Dutse da Sassan da Ka Zaɓa da Kanka a Sakkwato

Kekunan giya da ke hannun 'yan kasuwa a Sakkwato kusan iri biyu ne. Akwai sabbi fil masu ƙyalli, da shokozoba gaba da baya, nauyi kamar me, waɗanda ba sa daɗewa su fara kuka a kowace gaɓa. Akwai kuma 'yan Beljiyam, gwanjon Turai ke nan, da sunaye irin su Trek, Giant, Cube, Scott ko Specialized a jikinsu. Firam ɗinsu na ƙwarai ne, sai dai sarƙa ta miƙe, haƙoran giya sun cinye, fok, wato ƙafafun da ke riƙe wilin gaba, ya sandare. Mai son keken da zai yi masa aiki na shekaru yana da hanya ta uku: ya samo firam mai lafiya, ya tsinto sauran sassan ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa da hannunsa.

Kada wani ya ce maka hakan ya fi arha. Sau da yawa abin da za ka kashe zai zarce kuɗin cikakken keke mai irin wannan daraja, domin kamfani sari yake yi, kai kuwa ɗai-ɗai kake saye, ga kuɗin aike daga Kano ko Legas. Ribar tana wani wuri daban. Kuɗinka zai tafi kan abin da ya dace da ƙasarmu, za ka iya saye sannu a hankali gwargwadon aljihu, kuma ranar da wani abu ya lalace ka san ciki da wajen kekenka.

Awo ne ke kayar da yawancin masu wannan aiki. Sassan keke ba su da ma'auni guda, kuma bambancin milimita 6 a faɗin cibiyar wili ya isa ya hana wili mai tsada shiga firam mai tsada. Saboda haka firam ake fara saye, a auna shi, sannan a sayi komai bisa abin da awon ya ce.

Ƙasar da keken zai taka

Asalin wannan nau'in keke gundumar Marin ce da ke Kalifoniya a Amurka, cikin shekarun 1970, inda matasa ke gangarowa daga tsauni a kan tsofaffin kekuna masu faffaɗar taya. Joe Breeze ya ƙera firam na musamman domin wannan wasa a 1977, kamfanin Specialized kuma ya fitar da Stumpjumper a 1981. Har yau galibin abin da za ka gani ana talla a intanet na masu gangaren tsauni ne. Mu abin da ke gabanmu daban ne: rairayi mai riƙe taya a hanyoyin ƙauye, jan marmara da tsakuwa a tuddan wajen Dange da Wurno, laka a fadamar Rima da damina, ƙurar hunturu, zafin da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, sai uwa uba ƙaya. Tsidau kaɗai ya ishi mai keke wahala, balle aduwa da bagaruwa.

Wannan ya sa nake ganin firam mai shokozoba a gaba kaɗai ya fi dacewa da mu. Mai shokozoba a baya yana da gaɓoɓi masu boris da ƙura ke ci, kuma in shokozobar ta fara yoyo, da wuya ka samu kayan gyaranta a kusa. Abin da za ka kashe a can, zuba shi a wili da taya da birki.

Kayan aiki

Saitin alanki daga milimita 2 zuwa 8, makulli mai bakin tauraro lamba T25, sufana lamba 15 ta feda, makullin kaset (jerin haƙoran giya na wilin baya) da bulalar sarƙa ta riƙe shi, makullin boris ɗin tsakiya (na gurbin feda) daidai da irin naka, abin yanke sarƙa, almakashin yanke waya, zarton ƙarfe, magagari, giris, famfo mai agogo, da ma'aunin baniya, na auna kauri da faɗi da milimita. Wannan na ƙarshe kada ka yi rowarsa, da shi za ka je kasuwa. Sufanar auna ƙarfin ɗauri ma tana da amfani, domin notocin keke da yawa an rubuta ƙarfin da suke ɗauka a jikinsu, kamar 5 Nm. Abin da ba za ka yi amfani da shi fiye da sau ɗaya ba, ka je da firam ɗin wurin mai gyaran keke ya yi maka a gabanka.

In ba ka da abin kafa keke, igiya biyu a reshen dogon yaro sun wadatar, ɗaya a sirdi, ɗaya a kai. Shimfiɗa tabarma ko buhu a ƙasa, domin ƙaramin noti in ya faɗa cikin yashi sai wani ikon Allah.

Firam: a nan za ka ɓata lokaci

Yawancin firam ɗin gwanjo na alminiyam ne, kuma ba laifi. Na baƙin ƙarfe ya fi nauyi kaɗan, amma in ya tsage mai walda na iya kama shi, saɓanin alminiyam da waldarsa ke son ƙwarewa da kayan aiki na musamman. Na kabon kuwa, in gwanjo ne, bar musu kayansu, yana iya tsagewa ta ciki ba a gani.

Ka sa a goge firam ɗin, ka fito da shi hasken rana. Bi kowace walda da ido da farce, musamman ƙarƙashin babban bututu kusa da wuya, da kewayen gurbin feda, da tsagar da ke bakin bututun sirdi. Tsagewa takan fito a matsayin siririn baƙin layi da ba ya gogewa. In ka ga fenti ya tattare ko ya kumbura a bayan wuya, keken ya taɓa karo da gaba, ka wuce. Sannan ka ce da mai kayan, "Malam, a ɗan zare mini sandar sirdin nan in gani." In ta ƙi fita ko da mutum biyu, ta kama da jikin bututun, kuma ciro ta na iya kashe firam ɗin.

Domin gane ko ya karkace, ɗaura zare a gurbin wilin baya na dama, zagaya da shi ta gaban wuya, ka dawo ka ɗaure a gurbin hagu. Auna tazarar zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. In bambancin ya wuce milimita 2 ko 3, keken zai riƙa tafiya a karkace. Duba kuma maratayar direla, ɗan ƙarfen nan da ke ɗaure a gurbin dama inda na'urar sauya giya ke rataye. Kusan kowane firam da irin nasa, don haka firam ɗin da ba shi da ita ragi ne babba a ciniki, in ma ka yarda ka saya.

Girma: mai tsayin santimita 160 zuwa 170 galibi S ne nasa, 170 zuwa 180 M, 180 zuwa 190 L. Kamfanoni sun ɗan saɓa a kan haka, saboda haka ka tsaya da firam ɗin tsakanin ƙafafunka da wili a jiki, ka ga akwai sarari ko da na yatsu uku.

Da ka biya, ɗauki takarda ka rubuta abubuwa shida.

Na ɗaya, girman wili: inci 26, 27.5 ko 29. Lambar da ba ta ruɗi ita ce ta gefen taya, 559 na nufin 26, 584 na nufin 27.5, 622 na nufin 29. Taya da tiyub na 26 sun fi sauƙin samu a wurinmu. Na 29 ya fi ratsa rairayi da tsakuwa, amma ka shirya yin oda duk sanda taya ta mutu.

Na biyu, gurbin wilin baya. Tsohon tsari buɗaɗɗen gurbi ne mai faɗin milimita 135, da siririyar sanda mai mariƙi. Sabon tsari rami ne rufaffe da kakkaurar sanda ta milimita 12 ke ratsawa, faɗinsa 142 ko 148. Na 148 shi ake kira Boost.

Na uku, wuya. Miƙaƙƙe ne, sama da ƙasa daidai, ko kuwa ƙasan ya fi faɗi? Auna cikin bakin sama da na ƙasa. Za ka ga lambobi irin 34, 44 ko 56, kuma da su ake sayar da boris ɗin wuya, kamar EC34, ZS44, ZS56.

Na huɗu, gurbin feda. In akwai zare a ciki kuma faɗinsa milimita 68 ko 73 ne, ka yi sa'a, wannan shi ne BSA, mafi sauƙin sha'ani. Wanda ba shi da zare dannawa ake yi, kuma ya fi saurin yin ƙara in ƙura ta shiga.

Na biyar, kaurin sandar sirdi: 27.2, 30.9 ko 31.6 su ne suka fi yawa. Bambancin 30.9 da 31.6 ido ba ya gani, baniya ce ke gani.

Na shida, mazaunin birki. Ka tabbata akwai wurin ɗaura birki mai faifai. In ramukan biyu suna kallon gefe, tazararsu milimita 51, IS ke nan. In suna kallon sama ko baya da zare a ciki, tazararsu 74, Post Mount ke nan. Akwai mahaɗin da ke daidaita su.

Fok

Bututun fok ya dace da wuyan firam, gurbinsa ya dace da cibiyar wilin gaba (9 da 100, ko 15 da 100, ko 15 da 110), girmansa ya dace da wili. Nisan nutsewarsa kada ya yi nesa da abin da aka ƙera firam ɗin dominsa, wanda a irin waɗannan kekuna yawanci milimita 100 zuwa 120 ne. Fok mai tsayi da yawa yana ɗaga gaban keke ya ƙara wa wuya nauyin da ba a shirya masa ba.

A fok ɗin gwanjo abu biyu za ka duba. Sandunan nan biyu masu santsi kada su kasance da ƙarzuwa ko tsatsa. Sannan bututun sama, domin mai shi na farko ya riga ya yanke shi daidai da nasa firam. Haɗa tsayin wuyan firam ɗinka da kaurin boris da kimanin milimita 40 na mariƙin kai, in bututun bai kai ba babu dabarar ƙara shi. SR Suntour XCM da XCR da RockShox Judy ko Recon duk suna aiki. Fok sandararre na ƙarfe wanda ba shi da shokozoba ko kaɗan ya fi mataccen mai shokozoba, kuma da faffaɗar taya ba za ka rasa komai ba a yawancin hanyoyinmu.

Wili da taya

Nemi rim mai bango biyu da wayoyi 32. Cibiyar baya sai ta dace da abu uku a lokaci guda: gurbin firam, irin faifan birki (mai noti shida ko Center Lock), da irin kaset. A nan ake yawan ruɗewa. Kekuna masu arha suna zuwa da firiwil, wanda ake murɗawa a kan zare, kuma sandar cibiyar wilin takan lanƙwashe. Abin da kake so shi ne cibiya mai gangar da kaset ke zurawa a kai. Gangar HG ta Shimano tana ɗaukar kaset na giya 8 zuwa 11 na keken dutse. Giya 12 ta Shimano gangar Micro Spline take so, manyan kaset na SRAM kuma XD.

Cibiyoyin Shimano suna amfani da ƙwayoyin boris sakakku, inci 1/4 a baya, 3/16 a gaba a mafi yawansu. Wasu na raina wannan tsari, ni kuwa ina ganin alheri ne a nan, domin kowane mai gyara zai iya buɗewa ya wanke ya sa sabon giris.

Taya mai faɗin inci 2.2 zuwa 2.4, in firam zai ɗauka da sararin da laka za ta wuce. Ba ka bukatar manyan ƙusoshi, matsakaita masu kusa da juna sun fi gudu a busasshiyar ƙasa. Maganin ƙaya mafi inganci shi ne tayar da ba ta da tiyub, wadda ake zuba wa ruwan toshe huji. Tana son rim da tayar da aka yi domin haka, da tef na musamman, da bawul nata. Sai dai zafinmu na busar da ruwan da wuri, don haka da bazara ka riƙa dubawa duk wata biyu. Wanda bai shirya wannan ɗawainiya ba, ya zuba ruwan a cikin tiyub, ko ya sa shimfiɗar kariya tsakanin taya da tiyub. Bawul mai kauri irin na babur ya fi sauƙi, domin ya dace da injin kowane mai faci. In siririn bawul ne naka, ajiye ɗan mahaɗinsa a aljihu.

Giya da birki

Ƙasarmu ba ta da hawa mai tsanani, saboda haka faranti ɗaya a gaba mai haƙori 32 ko 34, da kaset mai faɗi a baya, ya wadatar, kuma ya rage maka direla guda da wayarta. Shimano Deore mai giya 10 da kaset 11-46, ko mai giya 11 da kaset 11-51, ko microSHIFT Advent X mai giya 10 da kaset 11-48, duk suna hawa gangar HG. Farantin ya zama mai haƙora siriri da kauri a jere, direlar kuma mai kulocin da ke hana sarƙa tsalle. In aljihu bai kai nan ba, Altus, Acera ko Alivio masu giya 8 ko 9 ba abin kunya ba ne, sarƙarsu ma ta fi samuwa kuma ta fi haƙuri da ƙura.

Madannin giya da direla su zama na kamfani ɗaya kuma na adadin giya ɗaya, sarƙa ma ta adadin. Direlolin Shimano na keken dutse masu giya 7, 8 da 9 suna musanya da juna, amma daga 10 tsarin jan waya ya canza, kuma CUES da ya fito a 2023 ba ya haɗuwa da na baya. Ka yi hattara da jabun sarƙa mai sunan babban kamfani, in farashin ya yi daɗi fiye da kima akwai dalili.

Birki mai mai irin Shimano MT200 yana kamawa ba tare da wahala ba, kuma ƙura ba ta shiga tiyonsa. Mai waya ya fi sauƙin gyara a ƙauye. In mai mai ka zaɓa, karanta abin da aka rubuta a murfinsa. Shimano da Tektro man ma'adinai suke sha, galibin SRAM da Avid na da kuwa DOT, irin man birkin mota. Man birkin mota a cikin Shimano zai kumbura robobin ciki ya kashe birkin. Faifai na milimita 160 a baya, 160 ko 180 a gaba.

Kan keke da mariƙinsa su yi kauri ɗaya, 31.8 ko 35. Faɗin milimita 720 zuwa 760 ya isa, kuma in ya yi maka yawa ana iya yankewa.

Ranar haɗawa

Fara da sassafe ko bayan la'asar. Wanke firam, shafa giris kaɗan a sandar sirdi, zura ta har ta wuce layin da aka zana a jikinta, ka rataye keken.

Kofunan boris ɗin wuya dannawa ake yi, ba duka ba. Samo doguwar sanda mai zare da manyan washa biyu da noti biyu, shafa giris, ka danna kofi ɗaya a lokaci guda, kana murɗawa a hankali kana duba ko ya miƙe. In ya fara karkata, tsaya ka fitar ka sake. Zoben da ke zama a gindin bututun fok kuma, zura guntun fayif na roba a kan bututun ka buga shi har ya zauna daram.

Zura fok, jera boris, sa zobban tazara da mariƙin kai, ka zana layi a bututun daidai saman mariƙin. Fitar da fok ɗin ka yanke milimita 3 ƙasa da layin, ka goge bakin da magagari. Kafin ka yanke, ƙara zobe ɗaya ko biyu fiye da yadda kake zato, domin ragewa daga baya abu ne mai sauƙi. Buga notin tauraro, wanda sukurun murfin sama zai shiga, cikin bututun ya nutse kimanin milimita 15, a miƙe. Wajen ɗaurewa, sukurun murfin sama ake fara murɗawa, kaɗan kaɗan har girgiza ta ɓace amma kai na juyawa sakayau, sannan a daidaita kai da taya a ɗaure notocin gefe. Wanda ya fara ɗaure na gefe, murfin sama ba zai yi masa aikin komai ba.

Boris ɗin tsakiya: giris a zare, ka fara murɗawa da hannu zalla. Kofin dama, gefen sarƙa, bahago ne, ana ɗaure shi ta juyawa saɓanin hannun agogo. In ka ji turjiya tun zagayen farko, zaren ya hau ba daidai ba, koma baya. A tsarin Hollowtech II na Shimano, gurbi mai faɗin 68 yana ɗaukar zobba uku na milimita 2.5, biyu a dama ɗaya a hagu, mai 73 kuma ɗaya tak a dama. Kofunan suna son 35 zuwa 50 Nm. Zura ƙafar feda ta dama da sandarta, sa ta hagu, murɗa ɗan murfin roba da ƙarfin da za ka rufe gorar ruwa, sannan ka ɗaure notoci biyun nan bi da bi zuwa 12 ko 14 Nm.

Wili: tef a rim, taya bisa kibiyar da ke gefenta, sannan faifan birki. Wanke hannunka kafin ka taɓa faifan, ka ɗaure notocinsa shida a tsallake, wannan sannan na daura da shi. Kaset hanya ɗaya yake shiga, nemi tsagar da ta fi faɗi ka daidaita, ka ɗaure murfinsa da ƙarfi, kimanin 40 Nm.

Sa wili a keke, ɗaura muƙamuƙin birki sako-sako, matse hannun birkin ka riƙe, ka ɗaure notocin a haka. Juya wili ka saurara. In yana shafa, leƙa ta tsakanin takalman birkin da farar takarda a bayansu, za ka ga gefen da ya matse, ka sassauta ka gyara da ido. Kada ka matse birki mai mai alhali babu faifai a ciki, takalman za su haɗe. Rage tsawon tiyo yana bukatar sabon zobe da sabuwar ƙusar baki, in ba ka da su bar shi da tsayinsa tukuna. Batun wane hannu ke riƙe birkin gaba, kekunan Turai da yawa hagu suke sa shi, babur kuwa dama. Wanda ya saba da babur ya mayar da shi dama, domin ranar da akuya ta yanko titi hannu abin da ya saba zai yi.

Ɗaura direla a maratayarta. Kafin ka sa sarƙa, murɗa sukurun H har ƙaramar tayar direla ta sama ta tsaya daidai ƙarƙashin ƙaramin haƙori, sannan tura direlar da hannu zuwa babban haƙori ka saita sukurun L yadda ba za ta wuce ta faɗa cikin wayoyin wili ba. Wannan sukurun na L shi ke tsare maka wili, kada ka yi masa gaggawa.

Tsawon sarƙa: naɗa ta a farantin gaba da babban haƙorin baya ba tare da ta bi ta direla ba, ka ga inda bakin biyu suka haɗu, ka ƙara gaɓa biyu. Ga faranti ɗaya da babban kaset, gaɓa huɗu ake ƙarawa a yawancin tsare-tsare, amma takardar kamfanin ita ce alƙali. Yanke, zura ta cikin direla ka lura kada ta hau kan ɗan ƙarfen da ke tsakanin tayoyin biyu, ka haɗa da makullinta.

Mayar da madanni kan giya mafi nauyi, zura waya, ja ta da hannu ka ɗaure. Juya feda ka danna sau ɗaya. In sarƙa ta yi jinkirin hawa babban haƙori, warware ɗan mazurarin da ke bakin madanni rabin zagaye domin wayar ta ƙara tauri. In jinkirin wajen saukowa ne, mayar da shi ciki. Sukurun B shi ke saita tazarar tayar direla da babban haƙori. In ka yi duk wannan giya ta daidaita a sama ta ƙi a ƙasa, maratayar ce ta lanƙwashe, a miƙe ta.

Feda suna da R da L a jiki, ta hagu bahaguwa ce. Giris, hannu da farko, sufana daga baya. Tsayin sirdi kuma, zauna ka ɗora diddige a feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba.

Kafin ka yi nisa

Iskar taya ita ce abin da masu faci ke yawan cikawa fiye da kima. Da tiyub, fara da 30 zuwa 35 a ma'aunin psi, ba tiyub kuma 22 zuwa 28, gwargwadon nauyinka. A rairayi rage kaɗan, tayar ta baje ta hau saman yashi maimakon ta nutse. Fok mai iska famfonsa daban ne, ka sa iskar da in ka hau zai nutse kimanin kashi 20 cikin 100 na nisansa.

Sabon birki sai an gasa shi. Samu miƙaƙƙen titi marar cunkoso, ka ɗauki matsakaicin gudu ka taka birki ɗaya da ƙarfi har ka kusa tsayawa, ka saki, kamar sau 20 ga kowane gefe. Za ka ji kamunsa na ƙaruwa. In mai ya taɓa faifai, goge shi da sifirit na kemis. Takalmin da ya sha mai kuwa sai canji.

Riƙe birkin gaba ka girgiza keken gaba da baya, hannunka ɗaya a wuya. In ka ji ƙwas-ƙwas, sassauta notocin gefe ka ƙara murɗa murfin sama. Bi kowane noti da alanki, ka yi 'yan kwanaki kana zagaye cikin gari kafin ka nufi bayan gari, kuma ko da ka tashi fita ka tambayi halin tsaron hanyar, ka tafi da abokin tafiya, da ruwa mai yawa, da tiyub, faci, famfo da makullin sarƙa na ko-ta-kwana.

Bayan mako guda wayar giya za ta ɗan saki, rabin zagaye a mazurari zai gyara ta. Wayoyin sabon wili ma sukan saki, ka kai a ɗaure su a daidaita rim. Sarƙa kuwa kada baƙin mai ya kusance ta, domin yana kama ƙura ya zama abin da ke cinye haƙora. Sa man sarƙa mai bushewa, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka bari ya shiga, ka goge na waje da tsumma. Duk wata ka auna ta: daga tsakiyar ƙusa ɗaya zuwa ta 24 a gaba inci 12 ne cif a sabuwar sarƙa. In ya ƙaru da 1/16 na inci, canza ta kafin ta ci kaset da farantin gaba.